KULA DA ITATUWANMU A LOKACIN KAKA, KAFIN HUNTURU YA SHIGO

Jawabin da aka gabatar a taron fastoci, masu bishara da dattawan ikkilisiyoyin karkara, bayan sujadar godiyar kaka

  Mun gode wa Allah da ya kawo mu ƙarshen wannan damina da rai da lafiya, ya kuma sa albarka a aikin hannuwanmu.

An ba ni in yi magana a kan yadda za mu kula da itatuwanmu a wannan lokaci na kaka, kafin hunturu ya shigo. Na san wani dattijo zai ce a ransa, "Me ya haɗa taron dattawa da maganar itace, alhali ga matsalar filin majami'a, ga albashin mai bishara da ba mu iya biya, ga kwanon majami'a da iska ta kwashe?" Baba, ina roƙonka ka yi haƙuri ka saurare ni zuwa ƙarshe. Waɗannan matsaloli uku da ka lissafta, kowannensu yana da alaƙa da itace.

Kowace damina ikkilisiyoyinmu sukan karɓi dashe daga ma'aikatan gandun daji, ko mu sayo a kasuwa da kuɗin baiko. Mukan fito ranar Asabar, matasa su haƙa ramuka, fasto ya yi addu'a, a dasa, a ɗauki hoto. A watan Agusta kowa yana murna, gama ganye ya yi kore shar. Amma bari mu tambayi kanmu tsakani da Allah: cikin waɗanda muka dasa bara, nawa ne suka ga Ista? A wurare da yawa da na zaga, amsar takan zama biyu ko uku. Wani wurin ma ramin kaɗai ake nuna mini. Yawancin waɗannan itatuwa sukan mutu ne saboda abin da ba a yi musu ba tsakanin Oktoba da Disamba, wato watannin nan da muke ciki.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA

A cikin Farawa 2:15 Allah ya danƙa wa Adamu lambu da nauyi biyu, na aikin lambun da na tsaronsa. Mu mun iya nauyi na farko. Na biyun ne yakan gagare mu, domin dashe aikin kwana ɗaya ne wanda kowa yake gani, tsaro kuwa aikin wata bakwai ne wanda ba mai tafa maka.

A cikin Maimaitawar Shari'a 20:19-20 Allah ya hana Isra'ilawa sare itatuwa masu ba da 'ya'ya ko a lokacin da suka kewaye birnin abokan gaba da yaƙi. 'Yan'uwa, idan Allah bai yarda a sare itacen abokin gaba a ranar yaƙi ba, me za mu faɗa masa a kan ɗorawa da kaɗanya da muke sarewa cikin zaman lafiya domin buhun gawayi? Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, gatari kuwa yakan gama da ita kafin rana ta take.

Akwai wurare biyu da suka shafe mu ƙwarai, mu da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu. Na farko shi ne Farawa 21:22-34. Ibrahim baƙo ne a ƙasar Filistiyawa. An yi rigima a kan rijiyar da ya haƙa, ya zauna da Abimelek suka daidaita, ya ba da 'yan tumaki 7 a matsayin shaida. Bayan an gama sulhu ne ya dasa itace a Biyer-sheba, ya yi sujada a wurin. Ku lura da yadda abin ya bi: rijiya, sulhu, sa'an nan dashe. Na biyu shi ne Irmiya 29:4-7, inda annabi ya aika wa bayin da aka kwashe zuwa Babila wasiƙa, ya ce musu su gina gidaje, su yi lambuna, su nemi alherin garin da suke ciki su kuma yi masa addu'a. Mu ba bayi ba ne, ba kuma baƙi ba ne, a nan aka binne cibiyarmu da ta kakanninmu. To idan an umarci baƙi su dasa, balle 'yan ƙasa? Ikkilisiyar da ta dasa tsamiya tana faɗa wa 'ya'yanta da maƙwabtanta cewa tana nan, tana kuma fatan alheri ga garin.

KAKARMU DABAN TAKE DA TA TURAI

Waɗansu daga cikin 'ya'yanmu masu karatu sun zo mini da cewa sun karanta kaka ita ce lokaci mafi kyau na dasa itace. Wannan gaskiya ne a ƙasashe irin su Ingila da Amurka. A can, idan kaka ta yi, yawancin itatuwa sukan zubar da ganye su yi kamar barci, ƙasa kuwa tana da danshi da ɗan ɗumi, ruwa yana ci gaba da sauka. Saboda haka saiwa takan kama kafin sanyi ya tsananta, itacen ya farka da ƙarfinsa bayan sanyi ya wuce.

A wurinmu abin ba haka yake ba. Ruwa yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, ba ya dawowa sai Mayu ko Yuni. Bayan kaka sai iskar hunturu mai busar da kome, bayanta sai zafin bazara. Lokacin dashe a ƙasarmu shi ne Yuli zuwa farkon Agusta, sa'ad da ruwa ya zauna. Shi ya sa maƙwabtanmu na Nijar suka ɗauki ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa tun shekarar 1975. Wanda zai dasa itace a kaka a nan, sai wanda yake da rijiya ko famfo a kusa, ko fadama, ya kuma san wanda zai riƙa ba shi ruwa har damina. In ba haka ba, ya ajiye kuɗinsa. Aikin kaka a wurinmu iri uku ne: mu tsare abin da muka dasa, mu raya abin da Allah ya tsirar da kansa, mu shirya dashen baɗi.

AIKI NA FARKO: TSARE ABIN DA MUKA DASA

1. Ƙidaya. A wannan mako, dattijo ɗaya da matashi ɗaya su zaga filin majami'a, gidan fasto, gonar ikkilisiya da maƙabarta, su rubuta kowane dashe da yake da rai a littafin sakatare. Idan kun ga wanda ya zubar da ganye, kada ku yi saurin tuge shi. Ku ɗan kankare ɓawonsa da farce. In cikin kore ne, yana da rai. Ƙaramar kuka takan kaɗe ganyenta duka da rani ta tsaya kamar sanda, amma ba ta mutu ba.

2. Shinge. Da zarar an kwashe dawa da wake, za a saki awaki da tumaki, shanu da raƙuma kuma za su shigo kiwon kara. A lokacin ciyawa ta bushe, ɗan itacenka ne kaɗai abu kore a fili. Akuya ba ta da laifi. Saboda haka a yi shingen tun kafin a saki dabbobi. Ana iya yi da ƙayar magarya ko bagaruwa, ko darnin kara, ko tsohon kwando, ko tubali da aka jera da 'yan ƙofofi domin iska. Tsawonsa ya kai ƙirjin babban mutum, gama akuya takan miƙe da ƙafafun baya. Faɗinsa ya zama yadda bakinta ba zai kai ga ganye ba. A kafa shi da turaku masu ƙarfi, in ba haka ba iskar Janairu za ta kayar da shi. Idan darnin kara ne, a riƙa duba shi, domin gara da dabbobi duk suna cin kara.

3. Gurbi da taki. A cikin Luka 13:6-9 Ubangijinmu ya ba da misalin itacen ɓaure da ya yi shekara uku babu 'ya'ya. Mai gona ya ce a sare, mai kula da lambun ya roƙa a ƙara masa shekara ɗaya domin ya yi masa kaftu a gindi ya zuba taki. Misalin a kan tuba ne da haƙurin Allah, amma aikin da mai lambun ya ambata shi ne daidai abin da itatuwanmu suke bukata yanzu. Tun ƙasa ba ta ƙeƙashe ba, a sassauta ta da fartanya kewaye da gindin a hankali, kada a yanke saiwa. A tara ƙasa a kewaye kamar bakin kwano, faɗin taku ɗaya, domin ruwan da aka zuba ya tsaya. A sa takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙone saiwa, takin zamani kuma ba na rani ba ne ga itacen da ba ya samun isasshen ruwa.

4. Rufe gindi. A rufe gurbin da busasshiyar ciyawa, ko ƙaiƙayi, ko ɓawon gyaɗa, ko ganyen dogon yaro, kaurin yatsa huɗu. Wannan yana hana iska da rana shanye danshi. Amma a bar tazarar tafin hannu tsakanin ciyawar da jikin itacen, a zuba toka a wannan tazara. Gara tana son busasshen abu, kuma ta fi kama itacen da ƙishi ya raunana. Mangwaro da turare ta fi damu.

5. Ban ruwa. Mutane da yawa suna yayyafa moɗa ɗaya kowace safiya. Wannan ruwa ba ya wuce saman ƙasa, sai saiwa ta taso sama tana nemansa, ranar da aka yi fashi kuma itacen ya mutu. Gara a zuba bokiti guda cike, sau biyu a mako, da yamma, domin ruwan ya nutse saiwa ta bi shi ƙasa. Idan bazara ta yi a mai da shi sau uku. Inda ruwa yake da wuya, a binne tsohon tulu ko tukunyar ƙasa kusa da gindin, a bar bakin a waje, a cika da ruwa a rufe. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali. Ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwanuka duk suna da amfani, in dai ba mai sabulu da yawa ba ne. Mangwaro, gwaba da lemu sun fi bukatar ruwa. Dogon yaro, kuka, aduwa da magarya suna da jimiri, in sun tsallake rani na farko da na biyu sai su riƙe kansu.

Bari mu yi lissafi. Idan ikkilisiya tana da dashe 20, tana bukatar bokiti 40 a mako. Idan aka bar wa matar fasto da 'ya'yanta wannan aiki, kafin Kirsimeti sun gaji, ba kuwa za mu ga laifinsu ba. Amma idan gida 20 kowanne ya ɗauki itace ɗaya, bokiti biyu ne kacal a mako: ɗaya ranar Lahadi in an zo sujada, ɗaya ranar addu'ar tsakiyar mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Wuta. Daga Nuwamba za a fara cinna wa daji wuta, waɗansu domin farautar gafiya da ɓera, waɗansu domin share gona. Wutar minti biyar ta isa ta cinye wahalar shekara uku, shingen kara da ciyawar da muka rufe gindi da ita kuwa makamashi ne. A nome ciyawa a share tas, faɗin taku uku zuwa huɗu, kewaye da inda itatuwan suke. A yi wannan yanzu, kafin ciyawa ta gama bushewa. Iyaye kuma mu ja kunnen 'ya'yanmu, domin ba kullum ne wutar take fitowa daga hannun wani ba. Kada a tara shara a ƙone a gindin babban itace kamar yadda aka saba a harabar majami'u. Wutar takan cinye ɓawon, itacen ya yi kogo, wata rana iska ta kayar da shi a kan gini.

7. Sassabe. A cire busassun rassa da waɗanda suka karye, da wuƙa ko adda mai kaifi. Amma a bar babban mangwaro ya huta. Da hunturu yake fure, kuma yana bukatar ɗan ƙishi kafin ya yi furen, saboda haka ba a yi masa aski ko ban ruwa a kaka. Lokacin askinsa shi ne bayan an gama cin 'ya'yansa. Ƙaramin mangwaro mai aure kuwa, idan ya yi fure a shekara ta farko ko ta biyu, a tsinke furen domin ƙarfinsa ya tafi ga saiwa da rassa. Duk tsiron da ya fito a ƙarƙashin wurin auren a cire shi. Wannan yakan tuna mini da Littafin Firistoci 19:23-25, inda aka hana Isra'ilawa cin 'ya'yan sabon itace har shekara uku, na shekara ta huɗu na Ubangiji ne, sai a ta biyar su ci. Mai gaggawar cin 'ya'ya yakan rasa itacen.

AIKI NA BIYU: RAYA ABIN DA ALLAH YA TSIRAR

A cikin Ayuba 14:7-9, Ayuba ya lura cewa itacen da aka sare bai rasa bege ba, domin kututturensa yana iya sake toho idan ya sami danshi, ko da saiwar ta tsufa a ƙasa. Wannan magana ta tabbata a kusa da mu, a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

Bayan farin da aka yi a 1973, an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa a yankin Sahel, amma yawancin dashen ya mutu. Wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, yana cikin masu wannan wahala a Maraɗi. A shekarar 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da suke tsirowa a gonaki, waɗanda manoma suke sassabewa su ƙone kowace shekara, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa. Saiwarsu tana nan da rai, ta riga ta yi nisa cikin ƙasa. Sai ya fara koya wa manoma su bar waɗansu su gyara su. Da farko mutane sun yi masa dariya, domin a lokacin manomin kirki shi ne mai gona fes babu ko tsinke. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, mutane da yawa suka gwada. Da rabon ya ƙare waɗansu suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne shukarsu da rairayi, ga itacen girki, ga abincin dabbobi. Daga nan maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci. Manoman Maraɗi suna kiran dabarar sassabin zamani. Masu bincike da suka duba hotunan tauraron ɗan adam sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. A shekarar 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki.

Yadda ake yi ba wuya. Bayan girbi, ka zaga gonarka ka zaɓi kututturen da kake so: sabara, kalgo, gawo, magarya, aduwa, marke, kanya ko taura. A kowane kututture ka zaɓi rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawonsu. Ka yi sara daga ƙasa zuwa sama da abu mai kaifi, domin kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura ɗan ƙyalle a jiki domin masu neman itace su san yana da mai shi. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa. Ba sayen dashe, ba ban ruwa, kuma rassan da ka cire sun zama na murhu.

Ina roƙonku musamman a kan gawo. Allah ya yi shi da hali dabam: da damina yakan zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Da rani, sa'ad da kome ya bushe, shi yake yin kore, dabbobi su sami inuwa da 'ya'ya su bar kashinsu a gindinsa. Kowane manomi a nan ya san yadda hatsi yake yi a ƙarƙashin gawo. Duk wanda ya ga ɗan gawo a gonarsa ya kafa masa sanda domin garma ta kauce masa. Gonar ikkilisiya ta zama wurin da za a fara nuna wannan.

AIKI NA UKU: SHIRIN DASHEN BAƊI

Tun ƙasa tana da sauran laushi, a haƙa ramukan baɗi, faɗi ƙafa biyu, zurfi ƙafa biyu. A ajiye ƙasar sama dabam, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki a mayar cikin ramin, a kafa sanda domin alama. Kada a bar rami a buɗe inda yara da dabbobi suke bi. Tsakanin mangwaro da mangwaro a bar mita 10, gwaba mita 6. Manyan itatuwa su yi nisan taku goma daga bango. Turare yana shan ruwa ƙwarai, kada a sa shi kusa da rijiya ko cikin gona.

Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, guguwar farkon damina kuma yawanci daga gabas take tasowa. Ita ce take kwashe mana kwanon majami'a. Layi biyu na dogon yaro ta gabas da arewa maso gabas, da ɗan nisa daga ginin, sukan karya ƙarfin iska. Kuɗin da muke tarawa muna sake rufi ya fi kuɗin dashe nesa ba kusa ba.

Rani kuma lokacin tara iri ne. Kuka, tsamiya, bagaruwa da gawo duk da rani suke nuna. A ɗebi iri daga itace mai lafiya mai 'ya'ya masu kyau, a shanya a inuwa, a adana cikin kwalba da ɗan toka. Masu taurin ɓawo a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki kafin a shuka, ko a ɗan kankare gefen ɓawon. Irin dogon yaro da na kaɗanya ba sa jure ajiya, ana shuka su ne da ɗanyensu. Wajen Maris ko Afrilu a cika ledoji da ƙasa, yashi da taki, a huda ƙasansu, a jera a inuwa kusa da rijiya, domin dashen ya yi wata uku zuwa huɗu kafin Yuli. Ledojin ruwan sha da suke cika mana haraba bayan kowane taro sun isa wannan aiki. Malamin gona da ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma suna nan, a nemi shawararsu. A Nijeriya kuma an kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa a 2015, tana aiki a jihohi 11 na arewa da hamada take yi wa barazana. Mu ma 'yan ƙasa ne, mu rubuta takarda mu nemi dashe kamar kowa.

Game da albashin mai bishara, mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, gwaba cikin 2 zuwa 3, zogale kuwa ana cin ganyensa tun shekarar da aka shuka shi. Lambun da aka kula da shi ba zai biya albashi duka ba, amma zai sa miya a gidan fasto, ya kuma kawo ɗan abin sayen littattafan Makarantar Lahadi.

MAGANAR FILI DA MAƘWABTA

Iyayena dattawa, a nan ake bukatar hikimarku. A al'adarmu, wanda ya dasa itace a fili kamar ya ce filin nasa ne. Shi ya sa ba a dasa itace a gonar aro sai da izinin mai ita. Ikkilisiyoyinmu da yawa suna zaune a filayen da aka ba kakanninmu da baki, waɗanda suka shaida kuma suna ta ƙarewa. Kada matasa su tashi da zafin jini su jera itatuwa a kan iyakar da ake gardama a kanta. Mu bi sawun Ibrahim. A gayyaci mai unguwa ko dagaci da maƙwabtan da muka yi iyaka da su, a zaga tare, a amince, sa'an nan a dasa taku ɗaya daga cikin namu. Kada a toshe burtali ko hanyar rafi, gama makiyayin da aka tare wa hanya ba zai tausaya wa dashenmu ba. Itace kuma ba ya maye gurbin takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin riƙe fili a karkara. A nema, ko da za a sha jeka-ka-dawo, domin filin majami'a da na maƙabarta.

Idan dashenmu ya yi yawa, a kai wa mai gari, a kai wa liman, a kai makarantar firamare da asibitin gari. Inuwa ba ta tambayar addinin mai zama a ƙarƙashinta. Kada mu zama inuwar giginya, na nesa ka sha, maƙwabcin da muke kwana muke tashi da shi bai san amfaninmu ba.

KAMMALAWA

Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta zauna kafin Lahadi biyu masu zuwa ta yanke shawara a kan abu huɗu. A naɗa mutum ɗaya mai kula da itatuwa wanda zai riƙa ba da rahoto kamar yadda ma'aji yake yi. A raba dashen gida gida, a rubuta suna. Matasa su ɗauki Asabar ɗaya domin shinge da share ciyawa kafin a saki dabbobi. Zumuntar mata da 'yan Makarantar Lahadi su ɗauki tara iri da renon dashe. Idan Ubangiji ya kai mu taron Ista, kowace ikkilisiya ta zo da littafinta ta faɗa mana nawa ta ƙidaya a kaka, nawa kuma suke da rai.

Waɗansunmu a nan ba za su ci 'ya'yan tsamiyar da za a dasa baɗi ba. Haka waɗanda suka dasa manyan mangwarorin da muke taro a ƙarƙashinsu a tsofaffin tashoshin mishan, yawancinsu sun tafi wurin Ubangiji, mu ne muke shan inuwar. Bashi ne a kanmu, jikokinmu za mu biya wa.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Mahaliccin sama da ƙasa, mun gode maka domin damina da kaka. Ka ba mu aminci cikin abin da ka danƙa a hannunmu, ka tsare gonakinmu daga wuta, ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ka sa ikkilisiyoyinka su zama albarka a garuruwan da ka ajiye su. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

 Ubangiji ya sa mana albarka.